Gangunan Mista Obiora

Dala, Birnin Kano
Tsakiyar Yuli, 1967

Zuwa ga maigidana, Sidi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya Makurdi, yaya aikin jigilar? Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci ba sanda. Kulu kuwa da ta ji ƙugin babbar mota daga bakin titi sai ta ruga zaure, wai babanta ya dawo. Malam Haruna direba ya aiko cewa jibi zai koma wurinku da lodin geron sojoji, shi ya sa na zauna rubutu.

Ban so in fara maka da damuwa ba, kana can kusa da bakin daga. Amma akwai abin da ya hana ni sukuni. Ranar Laraba an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, indararon shagon da ke jikin zaure ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soron. Washegari na ga bangon ya jiƙe daga sama har kusan rabi. Tun daga ranar wani wari yake fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon, kamar ruɓaɓɓen kabeji da ya haɗu da ƙwai.

Ka san abin da ke ciki. Ina tuna ranar da ka kawo gangunan nan bara, ranar da gari ya rikice. Ka ɗauko su daga tashar jirgin ƙasa za ka kai wa kamfanin haƙar ma'adinai a duwatsun bayan Tudun Wada, hanya ta ƙi biyuwa, ka juyo gida da su, da Mista Obiora mai kula da siton kamfanin a kwance a tsakaninsu an rufa masa tamfol. Ya kwana biyu a wurin Baba kafin ka fitar da shi. Da zai tafi ya riƙe hannun Baba ya ce a ajiye masa kayan, sunansa ne a kansu, shi za a tambaya. Yau ga shi kamfani ya rufe, Baturen da ke shugabantarsa ya tafi ƙasarsu, shi kuma yana can Gabas, tsakaninmu da shi sai bindiga.

Na kuma tuna bayanin da ka yi mini da na tambaye ka ko mai ne a ciki. Ka ce hoda ce rawaya, sunanta zantet. Ka ce a wurin haƙa ana niƙa dutse ya zama gari, a dama shi da ruwa kamar kunu, a zuba hodar kaɗan, a hura iska ta ƙasa. Ita hodar sai ta bi ƙwayoyin dalma da tutiya ta lulluɓe su, su ƙi ruwa kamar gashin agwagwa, su maƙale wa kumfa su taso sama a kwashe, yashi kuma ya kwanta. Na yi dariya na ce ashe har dutse ana yi wa dabara. Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce abu biyu ba ta so, ruwa da wuta: in ta jiƙe sai ta yi zafi da kanta ta riƙa fitar da tiriri, tiririn kuma ko ƙyastun ashana ya ishe shi.

Da na kai wa Baba tuwon dare na durƙusa na faɗa masa duk wannan. Ya saurare ni har na gama. Ya ce kayan amana ne, ɗansa ya kulle, ba mai buɗewa sai ɗansa ko mai kaya. Ya sa an gyara indararon, ya ce wari kuma zai wuce in rana ta fito. Da safe na leƙo na tarar ya sa kaskon turaren wuta a bakin ƙofar shagon, garwashi jawur, wai don kada baƙi su ji. Sidi, ban san lokacin da na sure kaskon da hannu biyu na yi cikin gida da shi ba. Ranar bai amsa gaisuwata ta la'asar ba.

Don Allah ka rubuto masa layi biyu, ka ce a buɗe a fitar da su bayan gari. Maganarka zai ji, ba tawa ba. Ka kula da kanka, kada ka riƙa tuƙi ba ka ci abinci ba. Kulu ta ce a gaishe ka.

Taka har kullum,
Zuhra

Dala, Birnin Kano
Farkon Agusta, 1967

Sidi, maigidana,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, Allah ya tsare ku a hanyoyin nan. Malam Haruna ya dawo ya ce bai same ka ba, an tura ku gaba da ayarin motoci, ya bar takardata a hannun wani da zai bi bayanku. Na daure, na ce wataƙila amsa tana hanya.

Kulu ba ta da lafiya, amma kada hankalinka ya tashi, ta samu sauƙi. Ka san yadda take son zama a ƙasan zaure kusa da Baba da 'yar tsanarta. Sai ta fara kukan ciwon kai, ta yi amai, tana tafiya tana tangaɗi kamar mai jin barci. Na ɗauka zazzaɓin damina ne. A satin nan kuma 'yan tsakin da ke kwana a bayan ƙofar zaure suka mutu, ba tare da wata cuta ta shigo unguwa ba. Na haɗa wannan da wancan, na ga abin da ke kusa da ƙasa shi ya fi jin jiki. Na roƙi Baba ya bar ni in kai ta gidanmu Ƙofar Na'isa wurin Inna. Ya yarda, kuma na ga ransa ya ɓaci da ciwon nata ƙwarai. Kwana kaɗan da komawarta can ta warware, tana cin abinci. Shi kansa Baba yanzu yana yawan riƙe goshi, amma in na tambaya sai ya ce tsufa ne.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne maƙwabciyarmu Iya Mero mai ƙosai. Ka san a jikin bangon shagon nan ta waje take kafa murhunta kowace safiya, daidai ƙarƙashin 'yar tagar. Ina kwance ina jin ƙarar ƙosai a cikin mai. Na fara yi mata dabara, na aika cewa bangon ya jiƙe, ina tsoron ya rufto mata. Ta aiko da dariya, wai tun kafin a kawo ni gidan take suya a wurin, bangon ya san ta. Da na ga ba mafita na kira ta ɗakina na faɗa mata gaskiya, har da sunan mai kayan, don ta gane dalilin da ya sa Baba ya kafe. Na roƙe ta ta riƙe a cikinta. Ta ce ta ji. Washegari ta mayar da murhunta gindin darbejiya.

Ban sani ba a lokacin cewa ƙaramin ɗanta, wanda ya shiga soja da aka yi shelar ɗiba, yana cikin waɗanda aka tura wajen Nsukka. Shekaranjiya aka kawo musu labarin rasuwarsa. Na shiga gaisuwa, ta rungume ni tana kuka. Amma da zan fito, babban ɗanta Gambo tela yana zaune a ƙofar gida cikin maza, ya bi ni da wani kallo da har yanzu ina jin sa a bayana.

Wataƙila zargina ne kawai. Garin ne ya zama haka, kowa yana kallon kowa. An hana kunna fitila a waje, ana ta cewa 'yan tawaye suna da mutane a cikin birni. Ni dai ina roƙon Allah ya sa takardarka ta iso kafin wani ruwan.

Baba yana gaishe ka. Yana sa maka albarka bayan kowace salla, ina jin sa.

Matarka,
Zuhra

Dala, Birnin Kano
Ƙarshen Agusta, 1967

Sidi,

Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun nan, tafin hannuna na dama a ɗaure yake, da ƙyar nake riƙe alƙalami. Ƙuna ce ƙarama. Kulu lafiya. Baba ne ba ya gida, yana hannun 'yan doka. Bari in faɗa maka daga farko.

Na san kun ji cewa jirgin 'yan tawaye ya zo ya jefa bam wajen filin jirgi. Mu nan ƙarar kawai muka ji, amma gari ya ɗauka. Kafin kwana biyu magana ta cika unguwa cewa akwai kayan haɗa bam a gidan Alhaji Ali, wato gidan Baba, wani Ibo ya bari, kuma warin da ake ji alama ce ta sun kusa tashi. Wasu har cewa suke ɗan gidan ya tafi Makurdi ne don ya kai rahoto. Iya Mero ɗanta Gambo kaɗai ta faɗa wa, a cikin zafin makoki, shi kuma ya faɗa wa duniya.

Da hantsi ranar Talata na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa ta tsagar ƙyauren soron ciki, na ga lungu ya cika, Gambo a gaba, samari da sanduna. Baba ya fito da farar jallabiyarsa ya tsaya a ƙofar shagon. Bai ɗaga murya ba. Mai unguwa Mailafiya ya iso da 'yan doka biyu, ya yi ta ba mutane haƙuri, ya roƙi Baba don girman Allah ya ba da mabuɗi a duba, hankalin jama'a ya kwanta. Sannan Baba ya ciro mabuɗin daga aljihu ya miƙa masa.

Da aka buɗe, warin da ya fito sai da na gaba suka ja baya suna toshe hanci. Cikin shagon duhu ne ƙirin. Wani ya ce a kawo fitila. Nan da nan aka miƙo aci-balbal a kunne daga maƙwabta, tana wucewa daga hannu zuwa hannu ta saman kawuna, har ta iso hannun Gambo a bakin zaure.

Sidi, ka san tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsayawa a zaure cikin maza ba. Na fito ko mayafi ban gyara ba, na ratsa su, na danne harshen fitilar da tafin hannuna. Na ce, "Kada wanda ya shiga ɗakin nan da wuta. Wallahi in ta kama, har masallaci ba abin da zai tsira."

Sai na ji wani daga baya ya ce, to ga shi matar gidan da bakinta ta faɗa. Na juya ina bayani, ina cewa maganin wanke dutse ne, na ma'adinai ne, ba na yaƙi ba, ina maganar kumfa da dalma. Wa zai saurari kumfa a wannan rana? Ni da kaina da na ji abin da ke fita daga bakina na san bai yi kama da gaskiya ba.

Ɗan doka ɗaya ya haska tocila daga bakin ƙofa. Ga ganguna goma sha biyu a jere, na kusa da bango sun yi tsatsa, wata rawayar ƙasa ta tsattsafo ta gindin ɗaya. Ya karanta sunan da ke jikinsu da ƙarfi, harafi harafi. Ya tambayi Baba ko ya san mai sunan. Da Baba ya ce kayan kamfani ne ɗansa ya ajiye, da wataƙila abin ya tsaya nan. Amma ka san mahaifinka.

Ya ce, "Na san shi. Baƙona ne, a zauren nan ya kwana, a kwanona ya ci."

Da ƙyar mai unguwa da 'yan dokan suka fitar da shi ta cikin mutane. An jefe shi da ƙasa, hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauka sai wani tsoho makaho da ya taka ta ya tsuguna ya laluba. Baba bai waiwayo ba. An rufe shagon, an sa kwaɗo biyu da hatimi, an ce kada a taɓa komai sai hukuma ta bincika.

Na zauna a tsakar gida ina kallon hannuna yana tashi, ban ji zafinsa ba sai bayan azahar. Ina ta tunani, da ban fito ba da gidan ya ƙone da mutanen da ke ciki, da na fito kuma maganata ce ta ɗaure Baba. Ban san wadda zan yi nadama a kai ba.

In takardar nan ta same ka, ka nemi izini ka zo, ko na kwana ɗaya ne.

Zuhra

Dala
Alhamis

Sidi,

Gaisuwa da fatan alheri. Wani yaron mota zai tashi yau, ba ni da lokaci mai yawa.

Ina aika wa Baba abinci daga gidan Inna, ana karɓa, an ce lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa shi ba. Yayana ya je, an ce a jira. Inna ta matsa in koma Ƙofar Na'isa, na ƙi. In na tafi ba mai lura da shagon.

An ajiye ɗan doka yana gadi a zaure. Mutumin kirki ne, amma mashayin taba. Na roƙe shi ta bayan ƙyaure har ya yarda ya riƙa zuwa bakin titi in zai sha. Jiya da kansa ya ce mini kansa na sarawa, ya mayar da bencinsa waje. An sake ruwa shekaranjiya. Ɗakin girkinmu shi ne ke bayan shagon, na daina hura wuta a ciki, gari da ƙuli nake ci. Da safen nan na dafa bangon da ya raba su, na ji shi da ɗumi, alhali rana ba ta taɓa shi.

Ba mai shigowa gidan nan yanzu. Matan da muke biki tare in sun hango ƙofarmu sai su tsallaka ɗaya gefen. Iya Mero ce kaɗai ta shigo, ta zauna a bakin ƙofata. Na kama hannunta na kai ta na ɗora shi a bangon. Ta janye da sauri. Ta ce in ɗauko mayafina.

Mun je gidan mai unguwa tare. Na faɗa masa ba roƙon a saki Baba na zo ba, wannan na bar wa Allah da hukuma. Na ce a nemo duk wanda ya san aikin ma'adinai ya zo ya karanta rubutun jikin gangunan, in ƙarya nake a haɗa ni da Baba. Ya ce abin da aka sa wa hatimi ya fi ƙarfinsa. Iya Mero ta ce masa gidanta bango ɗaya ne da namu, ta rasa ɗa guda a watan nan, ba gawa ba kabari, ba za ta zauna ta jira na jikokinta ba. Ya sunkuyar da kai, ya kira a kawo masa rawaninsa, ya ce zai je wurin hakimi yanzu.

Ga inda muke. Hadari yana haɗuwa ta gabas. Ka yi mana addu'a.

Zuhra

Dala, Birnin Kano
Satumba, 1967

Zuwa ga maigidana, Sidi,

Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin aminci a duk inda kake. Malam Haruna ya ce wani direba ya gan ka da idonsa a Oturkpo kana gyaran taya, ka rame amma lafiyarka ƙalau. Na yi sujada. Ban sani ba ko takarduna suna isa gare ka, amma zan ci gaba da rubutawa kamar suna isa.

Gangunan sun bar gidan nan. Baba ya dawo. Amma abin bai tafi a banza ba.

Washegarin zuwanmu wurin mai unguwa aka zo da wani ma'aikacin ma'adinai, saurayi, ya zo Kano daga Jos wani aiki aka tare shi. Ya ɗaure hanci da hankici ya shiga da tocila, bai daɗe ba ya fito. Ya ce wa manyan da suka zo abin da na faɗa haka yake, maganin tace dutse ne, ba kayan yaƙi ba, amma a yadda ya jiƙe ɗin nan ya fi kayan yaƙi haɗari a tsakiyar gidaje. Ganga ɗaya ta yi zafi har ba ta da daɗin taɓawa. Ya ce a fitar da su a ranar, kuma kada a hura wuta ko'ina a hanyar da za a bi.

Mai shela ya zaga. Sidi, da ka ga unguwarmu a ranar. Daga lungunmu har Ƙofar Ruwa ba hayaƙi ko ɗaya. Masu shayi sun kife tukwane, maƙera sun rufe, masu tsire sun yayyafa wa garwashi ruwa, mata sun fito da yara sun yi can gindin dutse. Ban taɓa jin Dala shiru haka da rana tsaka ba.

Mota ba ta shiga lungunmu, sai amalanke. Aka aika kasuwar Kurmi neman 'yan dako, da suka ji ko mene ne kayan suka watse. Ɗantani ne ya zo da mutanensa huɗu, wannan dogon mutumin Bichi da ya daɗe yana ɗaukar wa Baba kaya. Ya ce shi bai san zantet ba, Alhaji Ali ya sani. Hannu bai isa ba. Iya Mero ta je har shagon ɗinki ta taso Gambo a gaban mutane, ta ce bakinsa ne ya tara jama'a a ƙofar nan, yau hannunsa zai kwashe. Ya zo, bai kalli kowa ba, ya tuɓe riga.

Aka shimfiɗa yashi a amalanke, ana ɗora ganga biyu biyu, ana turawa a hankali kamar masu ɗauke da mara lafiya. Ina tsaye a soron ciki ina ganin fitar kowacce. Mai zafin aka bari ƙarshe, ita kaɗai, Ɗantani ya ce shi zai tura ta.

Sauran ban gani ba, Gambo ne ya ba uwarsa labari, ita ta ba ni. Sun kai cikin ƙofar gari, inda hanya ta matse, taya ta faɗa rami, gangar ta gogi ƙarfen amalanke, murfinta ya ɗage. Wuta ta tashi, shuɗiya, da ƙyar ake ganin ta cikin rana, sai hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Waɗanda ke riƙe da gefe suka yi baya. A bayansu mutane ne cike da suka biyo kallo duk da an hana, a gabansu kuma ga sauran gangunan a jere ana jiran mota. Ɗantani bai saki ba. Ya sunkuyar da kai cikin hayaƙin ya ci gaba da turawa har ya fita daga ƙofar, ya karkata hagu, ya kife amalanken cikin ramin ganuwa. Sannan ya faɗi. Gambo ne ya koma ya jawo shi ta ƙafa. Aka yi ta zuba ƙasa a ramin har wutar ta mutu.

Ba gida ko ɗaya da ya ƙone. Sauran goma sha ɗayan hukuma ta kwashe zuwa wani sito a bayan gari. Ɗantani yana asibiti. Hannayensa za su warke, amma likita ya ce hayaƙin ya ci ƙirjinsa, ba zai ƙara ɗaukar kaya ba. Muryarsa ta dishe, in ya yi magana kaɗan sai tari. Yana da mata da 'ya'ya a ƙauye.

An sako Baba kwana biyu bayan haka. Ya shigo da la'asar, ya yi alwala, ya zauna a zaure yana kallon shagon a buɗe. Mutane sun yi ta zuwa jaje, har da waɗanda na gani da idona suna jifa, ya amsa wa kowa. Bai yi mini maganar abin da ya faru ba, ni ma ban yi ba. Ya dai tambayi hannuna, ya ba ni wani mai a 'yar kwalba. Kowace safiya yanzu yana tafiya asibiti da ƙafa, da sandarsa, ya zauna a gefen gadon Ɗantani har azahar. Ya aika ƙauye da hatsi, ya ce muddin ana dafa abinci a gidan nan, da rabon gidan Ɗantani a ciki. Kulu ta dawo, amma na hana ta zaure sai an kankare ƙasan shagon an sake daɓe.

Ɗazu da ya ga na ɗauko takarda ya kira ni. Ya ce in zauna in rubuta maka saƙonsa yadda ya faɗa, kada in gyara. Ga shi:

"A gaya wa Sidi, ƙin jin maganar yarinyar nan da na yi, wani bawan Allah ne ya biya da ƙirjinsa, wannan yana wuyana har gaban Ubangiji. Sannan in Allah ya kai shi ƙasar su Obiora, ya tambaya ko yana raye. In ya same shi ya ce masa kayansa goma sha ɗaya suna hannun hukuma, ɗaya ta ƙone, ni ne da alhakin, ba yarona ba."

Na rubuta, na karanta masa, ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Na fito ban san ko haushinsa nake ji ko tausayinsa ba, sai da na shiga ɗaki na ga hawaye ya ɓata mini gefen takardar.

Wannan saƙon Baba ne, na isar. Nawa daban. Ni ban aike ka neman kowa a ƙasar da ake harbi ba. Na tsaya a zaure cikin maza sau ɗaya, na je gidan mai unguwa da ƙafata, na kwana ni kaɗai da bango mai zafi, kuma na gaji, Sidi. Ka sauke lodin da ke motarka, ka juyo da ita arewa.

Kulu tana gaishe ka, Inna tana gaishe ka, Iya Mero ta ce a ce maka ka yafe mata. Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai da ƙafafunka.

Matarka mai jiranka,
Zuhra